Dokar Ta-ɓaci da Haƙƙin Ɗan'adam: Iyakar Ikon Gwamnati a Ranar Tsanani





Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, suka ɗora mini nauyin yin magana a kan dokar ta-ɓaci da haƙƙin ɗan'adam. Ba sai an yi wa mutumin Arewa dogon sharhi ba kafin ya gane inda aka dosa. Wanda ya zauna a Maiduguri ko Damaturu a 2013 ya san ranar da waya ta daina shiga. Mutumin Gusau ya ga an rufe kasuwannin mako-mako a 2021. Bakano ya sha kullen korona, ya kuma sha dokar hana fita ta awa 24. Kowa a ɗakin nan ya ɗanɗana wani abu daga ciki.

Abin da nake so in tabbatar muku yau abu ɗaya ne. Dokar ta-ɓaci ita ma doka ce, tana da sharuɗɗa da wa'adi da masu sa mata ido, kuma akwai haƙƙoƙin da hannunta ba ya kaiwa gare su ko da ƙasa na cikin yaƙi. Amma a Najeriya, duk sa'ad da aka ayyana ta, gardama takan ƙare a kan kujerar gwamna, a manta da talakan da ke tsare a bariki. Mafi muni kuma, yawancin matakan ta-ɓacin da ake ɗauka a kanmu, ana ɗaukar su ne ba tare da an ayyana komai ba.

Me ya sa doka ta yarda da ta-ɓaci?

Mu fara da ba gwamnati haƙƙinta. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya tsaron rayukan jama'a da jin daɗinsu a matsayin babban dalilin kafa gwamnati. Gwamnatin da ta naɗe hannu ana yanka mutane a ƙauyuka, ita ma ta tauye haƙƙi, haƙƙin rayuwa ma kuwa. Akwai ranar da dokokin yau da kullum ba sa isa: ranar yaƙi, ranar annoba, ranar ambaliya, ranar da 'yan bindiga suka kafa tuta a ƙaramar hukuma. Idan gobara ta tashi a gida, maƙwabta suna iya fasa katanga su shiga ba sallama, ba wanda zai ga laifinsu. Amma ba wanda ya ce su yi awon gaba da kayan ɗakin matar gida, ko su shimfiɗa tabarma su zauna bayan wuta ta mutu.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tsara wannan. Ƙa'idar da ta ce larura tana halatta abin da aka hana, tana tafiya ne tare da 'yar'uwarta da ta ce ana auna larura gwargwadonta, kuma abin da uzuri ya halatta yana komawa yadda yake da zarar uzurin ya gushe. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, kuma a shekarar yunwa ya dakatar da haddin sata. A lura da wannan na biyun: tsanani ya sa shugaba ya sassauta wa talaka, bai sa ya ƙara matse shi ba. Dokokin zamani a kan wannan ma'auni suke: akwai buƙata ta gaskiya, matakin bai wuce buƙatar ba, kuma yana da ranar ƙarewa.

Abin da sashe na 305 ya tanada

Shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ayyana dokar ta-ɓaci, a ƙasa baki ɗaya ko a wani yankinta. Gwamna ba shi da wannan iko. Iyakarsa ya roƙi shugaban ƙasa, shi ma sai kashi biyu bisa uku na majalisar dokokin jiharsa sun mara masa baya. Ba kuma don shugaba ya ga dama ba. Sashen ya jero dalilai: ƙasa na cikin yaƙi, ko ana fargabar mamaya, ko doka da oda sun rushe har ana buƙatar matakan da ba a saba ba, ko alamun rushewar sun bayyana ƙarara, ko wani bala'i ya auku ko yana dab da aukuwa, ko wani haɗari da ke barazana ga wanzuwar tarayyar kanta.

Sai a buga sanarwar a jaridar gwamnati, a aika wa shugaban Majalisar Dattawa da kakakin Majalisar Wakilai nan take. Idan majalisa na zama, kwana 2 ne. Idan tana hutu, kwana 10. A cikin wannan wa'adi dole kowane zaure ya amince da rinjayen kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan majalisar, ba na waɗanda suka halarta kawai ba. Wato sanatoci 73 cikin 109, da wakilai 240 cikin 360. In ba a samu ba, sanarwar ta mutu. In an samu, wata 6 ne, kuma duk ƙari sai an koma majalisa. Majalisar tana iya soke ta kowane lokaci da rinjaye mai sauƙi.

Waɗanda suka rubuta wannan sashe sun san halin mulki. Shi ya sa suka raba mabuɗin gida biyu, suka kuma ɗaura masa agogo.

Haƙƙoƙi kashi uku

Sashe na 45 ne ya faɗi abin da ta-ɓaci ke iya yi wa haƙƙin mutum, kuma shi ne aka fi jahilta. Idan aka karanta shi da babi na huɗu, haƙƙoƙi sun kasu uku.

Kashi na farko su ne waɗanda ake iya taƙaitawa ko ba ta-ɓaci: sirrin mutum, bayyana addini, faɗin albarkacin baki, taro da ƙungiya, da zirga-zirga, wato sashe na 37 zuwa na 41. Sharaɗin shi ne a yi da doka, don tsaro ko zaman lafiya ko lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wasu, kuma dokar ta kasance mai hujjar da ƙasar dimokuraɗiyya za ta karɓa. Umarnin baki daga gidan gwamnati bai zama doka ba.

Kashi na biyu su ne waɗanda ba a taɓawa sai an ayyana ta-ɓaci a hukumance, kuma sai da dokar Majalisar Tarayya. Babban misali shi ne 'yancin walwala na sashe na 35. A ranakun lafiya, wanda aka kama ana kai shi kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana 2 idan babu. Ta-ɓaci na iya tsawaita wannan, amma gwargwadon abin da halin da ake ciki ya wajabta. Shi kuwa haƙƙin rayuwa na sashe na 33, ƙofar da aka buɗe ƙarama ce ƙwarai: mutuwar da ta auku a fagen yaƙi. Wanda aka kama, aka ɗaure, yana hannu, ya fita daga fagen yaƙi. Harbe shi kisan kai ne.

Kashi na uku su ne waɗanda sashe na 45 bai ba da izinin taɓawa ba sam. Ba a azabtar da mutum, ba a wulaƙanta shi, ba a bautar da shi. Wannan sashe na 34 ne. Ba a hukunta mutum kan abin da ba laifi ba ne lokacin da ya aikata. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ƙara fito da maganar fili: yaƙi ko ta-ɓaci ko umarnin na sama ba sa zama hujjar azabtarwa, kuma hukuncin mai yi yana iya kaiwa ɗaurin shekara 25.

Alƙawuran da muka ɗauka a waje

A 1993 Najeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa. Sashe na 4 na yarjejeniyar ya yarda ƙasa ta jingine wasu haƙƙoƙi, amma sai haɗarin ya shafi rayuwar al'umma, sai an ayyana shi a fili, sai matakin ya tsaya kan abin da ya zama tilas, ba tare da nuna bambancin launi ko jinsi ko harshe ko addini ba, kuma sai an sanar da sauran ƙasashe ta hannun Babban Sakatare. Haƙƙin rayuwa, hana azabtarwa, hana bauta, da 'yancin tunani da addini suna cikin waɗanda ba a jinginewa. Hukuma na iya taƙaita cunkoso a masallaci ko coci saboda annoba, amma ba ta isa ta taɓa aƙidar kowa ba. Kwamitin da ke kula da yarjejeniyar ya ƙara bayani a 2001 cewa ba a ɓatar da mutum a tsare shi a ɓoye, ba a yi wa jama'a hukuncin kan-mai-uwa-da-wabi, kuma ba a rufe wa tsararre ƙofar kotun da za ta duba halaccin tsare shi.

Yarjejeniyar Afirka ta 1981 kan haƙƙin ɗan'adam ta fi wannan tsauri, domin ba ta da sashen jingine haƙƙi ko ɗaya. A ƙarar da aka kai ƙasar Chadi, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Afirka ta yanke a 1995 cewa ko yaƙin basasa bai zama uzuri ba. Najeriya ta amince da wannan yarjejeniya a 1983, ta mayar da ita dokar cikin gida, kuma a shari'ar Abacha da Gani Fawehinmi a 2000 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa kotunanmu na iya aiki da ita. Saboda haka wanda ya ce maganar haƙƙin ɗan'adam shigo-shigo ce ta Turawa, a nuna masa littafin dokokin ƙasarsa.

Yadda aka yi amfani da ita a Najeriya

Karon farko shi ne ranar 29 ga Mayu, 1962, lokacin da rikicin Awolowo da Akintola ya raba jam'iyyar AG, aka yi jifa da kujeru a majalisar Jihar Yamma. Gwamnatin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ayyana ta-ɓaci, ta naɗa Dakta Moses Majekodunmi kantoma. Shi kuma ya killace 'yan siyasa da dama, ciki har da fitaccen lauya Rotimi Williams, wanda aka hana shi fita daga kewayen Abeokuta. Williams ya kai ƙara. Kotun Ƙolin Tarayya ba ta musa ikon ayyana ta-ɓaci ba, amma ta ce ba a nuna hujjar killace wannan mutumin ba, ta soke umarnin. Wannan hukunci ya kamata kowane ɗalibin lauya ya haddace ma'anarsa: halaccin ta-ɓaci daban, halaccin abin da aka yi wa wane daban.

Zamanin soja kuwa ƙasar gaba ɗaya ta zauna cikin ta-ɓaci marar suna. Dokar soja mai lamba 2 ta 1984 ta ba da ikon tsare mutum wata 3 ba shari'a, ana sabuntawa, kuma ta hana kotu tambaya. An yi ta don wani hali na lokacin, amma ta rayu har 1999, gwamnati bayan gwamnati na gadonta. Shugaban gwamnatin da ta kafa ta, Janar Muhammadu Buhari, shi kansa ya shafe sama da shekara 3 a tsare ba shari'a bayan juyin mulkin 1985. Hausawa suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Bayan dawowar farar hula, ranar 18 ga Mayu, 2004, Shugaba Obasanjo ya ayyana ta-ɓaci a Filato bayan kashe-kashen Yelwan Shandam da ramuwar gayyar da ta biyo baya a Kano. Ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye da majalisar jiha, ya naɗa Manjo Janar Chris Alli mai ritaya. A Oktoba 2006 ya maimaita a Ekiti, ya naɗa Birgediya Janar Tunji Olurin. Shugaba Jonathan ya bi wata hanya: ranar 31 ga Disamba, 2011, bayan harin cocin Madalla, ya ayyana ta a ƙananan hukumomi 15 na Borno da Yobe da Filato da Neja, ranar 14 ga Mayu, 2013, ya ayyana ta a Borno da Yobe da Adamawa, amma ya bar Kashim Shettima da Ibrahim Gaidam da Murtala Nyako a kujerunsu. Sai ranar 18 ga Maris, 2025, Shugaba Tinubu ya ayyana ta a Ribas, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da mataimakiyarsa da majalisar jiha na wata 6, ya naɗa tsohon hafsan sojan ruwa Ibok-Ete Ibas.

Shin shugaban ƙasa na da ikon dakatar da zaɓaɓɓen gwamna? Sashe na 305 bai ambaci haka ba, sashe na 11 kuma ya hana Majalisar Tarayya cire gwamna ko da ta karɓi aikin majalisar jiha. A shari'ar Filato, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar bisa ƙa'idar shigar da ita, ba ta shiga zuciyar maganar ba. A shari'ar Ribas, a Disamba 2025, alƙalai shida suka ga cewa shugaban ƙasa na iya dakatarwar na ɗan lokaci, ɗaya ya saɓa. Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna: zaurukan majalisa biyu sun amince da ta-ɓacin Ribas ta ƙuri'ar murya. Kunne ba ya ƙirga 73, ba ya ƙirga 240. Sharaɗin da tsarin mulki ya gindaya da lamba, da lamba ake cika shi.

Wanda aka manta da shi

Duk wannan gardamar manya ce. Gwamnan da aka dakatar yana da manyan lauyoyi, yana da jaridu, kuma Dariye da Fubara duk sun koma kujerunsu bayan wata 6. Mu juya ga wanda ba shi da kowa.

Ta-ɓacin Arewa maso Gabas ta ɗauki wata 18, an sabunta ta sau biyu, aka nemi na uku a Nuwamba 2014 majalisa ba ta bayar ba. Babu mai hankalin da zai ce ba a buƙatar matakan musamman a lokacin. Boko Haram na ƙona makarantu, tana yanka matafiya a hanyar Damaturu, kuma sojoji da 'yan sanda da yawa sun ba da rayukansu. Allah ya jiƙansu. Amma a duba abu biyu. Na ɗaya, kisan ɗaliban Buni Yadi a Fabrairu 2014 da sace 'yan matan Chibok a Afrilu 2014 duk a cikin ta-ɓaci suka faru. Sanarwa kaɗai ba ta tsare gari. Na biyu, a rahotonta na Yuni 2015, ƙungiyar Amnesty International ta ce an kama mutum aƙalla 20,000, sama da 7,000 sun mutu a tsare tun daga Maris 2011, kuma an kashe sama da 1,200 ba shari'a. Rundunar soja ta musanta. To, ko da mutum ya yi jayayya da alƙaluman, akwai abin da ba a jayayya a kansa: sunan Barikin Giwa ya zama abin tsoro a Maiduguri, mata sun yi shekaru suna neman labarin mazajensu da 'ya'yansu, kuma sai a Oktoba 2017 aka fara gurfanar da ɗimbin tsararru a Kainji, inda aka sallami ɗaruruwa saboda babu shaidar da za a tuhume su da ita.

Wace dokar ce ta halatta mutum ya mutu da ƙishirwa a ɗakin tsaro? Babu. Sashe na 45 bai halatta ba, yarjejeniyar duniya ba ta halatta ba, shari'ar Musulunci ba ta halatta ba. Masu cewa haƙƙin ɗan'adam yana ɗaure wa jami'an tsaro hannu, su tuna ranar 30 ga Yuli, 2009. Sojoji sun kama shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf da rai, suka miƙa shi ga 'yan sanda, aka kashe shi a hannunsu ba shari'a. Da an kai shi kotu, da an ji su wa ke bayansa. Abin da kisan ya haifar, mun shafe fiye da shekara 15 muna girbarsa. Yaron da aka kama ubansa ba laifi, ba zai kawo wa soja rahoto ba, kuma yaƙin sunƙuru da rahoton mutanen gari ake cin sa.

Ta-ɓacin da ba a ayyana ba

A nan ne nake so mu fi tsayawa, domin nan ne haɗarin yake a yau. Idan aka ayyana ta-ɓaci, aƙalla agogo ya fara bugawa, majalisa ta shigo, kowa ya san ranar ƙarewa. Idan aka ɗauki matakanta ba a ayyana ba, babu agogo, babu majalisa.

A ƙarshen Maris 2020 aka kulle Legas da Ogun da Abuja saboda korona. Ba a bi sashe na 305 ba; an jingina da dokar killace masu cuta ta 1926, dokar zamanin Turawan mulkin mallaka. Gwamnoni suka bi sahu da nasu umarnin. Kullen na da hujjar lafiya, amma cikin mako biyu na farko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta bin dokar, adadin da ya zarce waɗanda cutar ta kashe a lokacin. A watannin nan ne aka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, alhali sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so.

A Satumba 2021 aka katse layukan sadarwa a Zamfara, sannan a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da mai a jarka, aka taƙaita hawa babur. Niyyar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanya. Amma mai naƙuda ba ta iya kiran mota, ƙauyen da aka kai wa hari ba ya iya neman agaji, mai sana'ar POS ya rufe shago. Wa ya zauna ya auna riba da hasara, ya gaya wa jama'a sakamako? A shekarar ce kuma aka rufe Twitter wata 7, har kotun ECOWAS ta yanke a Yuli 2022 cewa rufewar ta saɓa doka. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta 2024, an tsare yara ƙanana kusan wata 3, aka gurfanar da su a Abuja kan cin amanar ƙasa, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakinsu. A duk waɗannan lokuta babu ta-ɓaci a hukumance. Ma'ana, sashe na 35 na nan da cikakken ƙarfinsa, ba wanda ke da ikon jingine shi.

Wa'adin da ba ya ƙarewa

Ɗaya haɗarin shi ne matakin wucin-gadi ya zama mazaunin gida. Masar ta zauna ƙarƙashin ta-ɓaci daga kisan Anwar Sadat a 1981 har 2012. An haifi mutum, ya yi aure, ya haihu, bai san wata doka ba. Maƙwabtanmu na Diffa a Nijar sun shiga ta-ɓaci a Fabrairu 2015, aka yi ta sabunta ta wata 3 bayan wata 3 tsawon shekaru. An hana babur, an hana cinikin kifi da tattasai don kada kuɗin ya kai ga Boko Haram, alhali su ne abincin mutanen Tafkin Chadi da gaɓar Komadugu.

Indiya kuma ta koya mana abin da ke faruwa idan kotu ta ji tsoro. A Yuni 1975, kwanaki kaɗan bayan wata kotu ta soke zaɓenta, Indira Gandhi ta sa aka ayyana ta-ɓaci. Aka kwashe wata 21 ana tsare 'yan adawa, ana tace jaridu. A 1976 alƙalai huɗu na Kotun Ƙoli suka ce tsararre ba shi da damar zuwa kotu a lokacin ta-ɓaci. Mai shari'a Khanna kaɗai ya ƙi, kuma hakan ya jawo aka tsallake shi wajen naɗa alƙalin alƙalai. Amma a 1977 jama'a suka kayar da gwamnatin a akwatin zaɓe, a 1978 aka gyara tsarin mulki yadda ba za a ƙara jingine haƙƙin rayuwa da walwala ba, a 2017 kuma kotun da kanta ta tabbatar cewa Khanna ne ke da gaskiya.

Abin yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran dokar ta-ɓaci a lokacin kwanciyar hankali ake yin sa.

Majalisar Tarayya ta yi sabuwar dokar da za ta fayyace abin da shugaban ƙasa da kantoma da jami'an tsaro za su iya yi da wanda ba za su iya ba, maimakon jingina da dokar ikon ta-ɓaci ta 1961 wadda lauyoyi ke gardamar ko tana raye. A kuma wajabta ƙirga ƙuri'a da sunan kowane ɗan majalisa, mazaɓarsa ta san inda ya tsaya.

Duk wanda aka tsare, ko a hannun wa yake, a rubuta sunansa a rajista, a sanar da iyalinsa, a bar shi ya ga lauya da likita. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta riga ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma umarci majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata. A aiwatar, a kuma tabbatar alƙalan manyan kotuna suna shiga sauran wuraren tsaro.

Duk matakin da ya taɓa jama'a, hana fita ne, rufe kasuwa ne, katse waya ne, ya fito a rubuce, da sashen dokar da aka dogara da shi, da dalili, da ranar ƙarewa. In za a sabunta, a faɗi abin da aka cim ma. Wanda matakin ya karya wa jari kuma a duba shi.

Alƙalai su tuna da hukuncin Williams da tsayuwar Khanna. Iyayenmu sarakuna da malamai, ku ne ake kawo wa kuka tun kafin a je wurin lauya. Kalmarku ɗaya a gaban kwamanda takan fito da yaron da ba shi da laifi. 'Yan jarida kuma ku riƙa bin sawun tsararru kamar yadda kuke bin sawun gwamnoni.

Ku kuma 'yan'uwa, ku sani sashe na 46 ya buɗe wa duk wanda aka tauye wa haƙƙi ƙofar Babbar Kotu, kuma ƙa'idojin shigar da ƙarar haƙƙin ɗan'adam na 2009 sun yarda ɗan'uwa ko ƙungiya su shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da Hukumar Ba da Agajin Lauya suna karɓar koke kyauta. Wanda ke da ɗan'uwa a tsare ba shari'a, kada ya tsaya kan "Allah ya isa" kaɗai. Ya rubuta ranar kamu da wurin da sunan rundunar, ya kai ƙara. Kada kuma mu yi tafi idan an taka dokar a kan ɗan wata jam'iyya ko ɗan wata ƙabila, domin ikon da aka ƙyale ya wuce gona da iri a kan abokin hamayya, gobe yana hannun wani, kuma ba zai tambayi katin jam'iyyarmu ba. Mu mara wa gwamnati baya ta kare mu, mu kuma tsaya kai da fata ta kare mu bisa doka.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.